Ƙofar Baya ta Hagu

Alhaji Barmo ya kawo motarsa garejinmu da hantsi,
nan Garwa, bayan tashar masu zuwa Gider,
ƙofar baya ta hagu ɗaure da igiyar guga.
Ya ce: wata bakwai ke nan tana gaba da ni.
In ka ja daga waje, shiru.
In ka ja daga ciki, ta ce ƙas, ta koma barci.

Maigidana Tanko bai ko kalli sifana ba.
Ya kara kunne a jikin ƙarfe,
ya murza makulli dama, ya murza hagu.
Ɗanliti, me ka ji?
Na ce ban ji komai ba.
Ya ce: to, wannan shirun za ka bi.

Na kwance kusoshi shida, na zuba a murfin gwangwani,
na bakwai ya ɓuya ƙarƙashin madafar hannu
sai da gumi ya shiga idona.
Marfi ya fito. Ga hanjin ƙofa a fili:
ƙasar hanyar Pitowa ta kwaɓu da tsohon giris,
sanda ɗaya ta zame daga 'yar robar da ke riƙe ta,
sifirin ya ci tsatsa amma da sauran ransa.

Na wanke da kananzir,
na dirje da tsohon buroshin haƙori,
na mai da sanda gurbinta, na ɗaure da waya.
Na ja hannu ina murmushi.
Ƙas.
Yaran mai faci suka kwashe da dariya.

Tanko ya miƙo mini tocila, bai ce uffan ba,
ya nuna can ciki, inda harshen kwaɗo ke faɗawa.
A nan na hango ta tana ɗan ƙyalli,
'yar dala biyar,
ta maƙale tsakanin haƙori da haƙori.
Na zaro ta da filaya, duk ta lanƙwashe.

Alhaji ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.
Ya ce: aikin Ladiyo ne.
Tun tana ƙarama take zura kuɗi ta bakin gilashi,
wai nan ne asusunta, ba mai fasawa.
Yanzu tana Ngaundere tana koyon aikin jinya,
sai dai murya a waya ranar Juma'a.

Na zura hannu har gindin ƙofa,
na taɓo wasu huɗu kwance cikin laka.
Ya ce: bar su, na mai asusu ne.
Tanko ya ƙulle su a leda don kar su sake yawo,
muka mai da marfi a kansu.

Na ɗiga mai. Na tura ƙofa da yatsa biyu.
Ta rufe da ƙaramar murya, ta buɗe ba gardama.
Alhaji ya biya jaka ɗaya da rabi,
lanƙwasasshiyar kuwa ya sa ta a aljihun gaba.

Igiyar gugan ya manta da ita.
Da ita muke jan ruwa har yau.