Jakai Biyu a Gaban Sikeli

Kakana Labbo majemi ne,
hannunsa ja har ranar da aka yi masa wanka,
bagaruwa ta kama shi, sabulu bai fid da ita ba.
Shi da Jabbi rijiya ɗaya suke ɗiba a Sakkwato,
dutse ɗaya suke wasa wuƙar karta.

Shekarar da kamfani ya kafa sikeli kusa da Kara,
akawu ya ce: fatar jar akuya, sule ɗaya.
Suka ce: sule biyu, ko ta bushe a rataye.
Suka tafa, suka raba goro,
kowa ya tafi ya kwanta da ido biyu.

Labbo ya ƙirga a duhu:
in na riƙe ya riƙe, akawu zai sauko.
In na riƙe ya kai, ni da gara za mu raba kayan.
In na kai ya riƙe, nawa ya fara hawa awo.
Ta ko'ina aka juya, kaiwa ta fi.
Bai san a bayan katanga
Jabbi ma yatsun nan yake lanƙwasawa ba.

Kafin kiran assalatu
jakai biyu suka yi kiciɓis a gaban sikeli.
Ba wanda ya gai da wani.
Akawu ya dubi wannan kaya, ya dubi wancan,
ya ce: yau kasuwa ta cika. Nai.

Dara ta ci gida.

Ni yanzu alli nake riƙewa, ba wuƙa ba.
Nakan zana gida huɗu a allo,
in zuba Labbo, in zuba Jabbi,
yara su lissafa, kullum jakan nan su haɗu.
Wata ta ɗaga hannu: Malam, to ba mafita?

Na ce: lissafin daidai ne, in wasa ɗaya za a buga.
Amma su gobe ma rijiya ɗaya za su ɗiba.

Kakata Kulu ce ta raba gardamar.
Fatun Jabbi suka kwana a ɗakin Labbo,
na Labbo a ɗakin Jabbi,
makullai biyu a bakin zanenta.
Mako uku akawu yana ƙirga ƙuda.

Sule biyun ba a samu ba.
Sule da sisi ya ba su,
kuma sai da ta cire taro, ladan riƙon makulli.