Taɓon Gwangwani

Shekara goma sha ɗaya ina wankin mota
a bakin titin Biu, nan cikin Gombe.
Ban yi boko ba, amma ina karanta taya.
Kawo motarka, kada ka ce uffan,
ni zan gaya maka inda ta kwana.

Jan nan mai gari-gari na hanyar Dukku ne.
Baƙin nan mai danƙo kamar ƙanzon tuwo,
wanda sai an sa tsinke an sakace,
na bayan Talasse ne, ƙasarmu.
In na ga kashin shanu da ƙaiƙayi a ciki,
to, ranar kasuwa aka ratsa Kumo.

Ran Talata sai ga motar Injiniya Hammayo,
fara sol, ko ledar kujeru ba a cire ba,
taɓo ya yi mata zane daga ƙofa har baya.
Ya miƙo makulli, ya shige masallaci.
Na ɗebo ruwa, na kaɗa kumfa,
na wanke ta tas har ina hango haƙorana a jikinta.

Da ya fito sai ya dafe kai.
"Gilashi kaɗai nake nufi!
Ka san nawa na sayi taɓon nan?"

Na ɗauka zolaya ce.
Sai ya zaro gwangwani daga bayan kujera,
irin na maganin sauro,
da hoton dutse da rubutun Turawa.
Ya girgiza, wani abu na kwaras-kwaras a ciki,
ya durƙusa, ya tattare babbar riga,
fuuu, a kan ƙofa,
fuuu, a saman taya,
ya ja baya ya karkata kai
kamar mai yi wa amarya lalle.

Na kai hanci.
Babu ƙanshin ruwan farko, babu ƙarnin kwaɗo.
Warin fenti kawai.
Dama tun ina wanki hannuna ya yi tababa:
gefe ya ɓaci, ƙarƙashi fes.
Taɓon gaskiya daga ƙasa yake farawa.

Ƙarfe biyu yana da zama a ofis,
in ji direbansa Manu, yana kurɓar shayi.
Za a tambaye shi hanyar da aka tura shi dubawa,
gara motar ta ba da amsa kafin ya buɗe baki.
Na ce wace hanya?
Ya faɗi sunan ƙauyenmu.

Bara, a watan takwas,
akori-kurar Bappa Tela ta nutse a wurin
da buhu talatin na masara.
Mu goma sha biyu muka tura, kwana biyu,
muka sa duwatsu, muka sa ƙirare,
masarar ƙasa har ta fara tsiro.
Takalmina na dama yana can har yau.

Na so in ce, Yallaɓai, in taɓo kake so
ai kyauta ne a gidanmu,
zo mu je ka ɗiba da ƙafarka.
Amma bakin da zai ci tuwon dare
ya san lokacin yin shiru.
Ya ba ni ɗari biyar da gwangwanin da ya ƙare,
wai in jefar.

Da magariba na zauna alwala.
Cikin fason dunduniyata
akwai baƙin layi siriri
da ruwan Gombe ya kasa fitarwa.
Na daɗe ina kallonsa
har aka tayar da salla.