Falale Goma Sha Takwas

A bayan gidana a Dundee,
inda ciyawa ta fi ƙarfin Hamish tun yana raye,
na kafa turaku huɗu, na ja igiya.

Shekara talatin ina juya majinyata a gado,
ban san dutse ya fi mutum taurin kai ba.
Falalen farko ya kwanta lafiya lau.
Na biyu ya noƙe kafaɗa,
na taka shi, ya yi mini rawa.

Isobel ta leƙo ta kan shinge, riƙe da shayi:
"Elspeth, yashinki ya yi kaɗan.
Ki kuma bar wa ruwa gangara,
kar ya shigo miki kicin ba sallama."

Na ɗaga, na zuba, na daɓe,
na aza ma'auni ina lallashin kumfar nan
mai gudun tsakiya
kamar yaro ya hango allura.

Yayyafi ya sauko, irin na garin nan
da ba ya jiƙa ka sai ka manta da shi.
Tana ta fito tana duba ɓarnar da na yi mata.
Bororo biyu a tafi,
ƙugu na kuka kamar tsohon ƙyaure.

Da almuru, saura goma sha ɗaya.
Na bakwai ya ɗan karkace. Na gani, na ƙyale.
Kyanwar Isobel ta bi ta kan ɗanyen siminti,
ta riga ni sa hannu.

Gobe zan fito da kujerarsa,
in ga ko ƙafafunta huɗu
za su yarda da aikina.