Ƙaramar da ke Aljihu

Babbar na bar ta a Yamai,
cikin jakarta, ƙarƙashin gado,
ita da madubanta uku da dogayen ƙafafunta.
Shekara goma sha ɗaya tana rataye a wuyana
kamar dutsen niƙa.
Har yau in na waiwaya dama
kafaɗata sai ta tuna mini da ita.

Wancan zuwan da muka yi Damagaram tare,
ina ɗaga ta, unguwa ta yi tsit.
Mai ƙosai ta gyara kallabi,
mai shayi ya ɓoye tabarsa a bayan buta,
wani ya ce, "Wace ƙungiya ta aiko ka?
Rubuta sunana, bakuna tara nake ciyarwa."
Na koma da fuska ɗari biyu,
duk irin ta katin ɗan ƙasa.

Wadda na zo da ita yanzu
ba ta kai sabulun wanka ba.
Tana aljihun gaba,
ita da ɓarin goro da canjin ɗan kabu-kabu.
Ba wanda ya tashi tsaye don ta shigo.

Da ita na bi lungunan Birni,
inda gida ke jingina da dutse
kamar tsoho da jikansa.
Na samu jarkoki a layi tun asuba,
rawaya, rawaya, ɗaya kore,
suna jiran famfo ya yi tari.
Cima tana zaune kan tata tana tsefe kan ƙanwarta,
ba ta ko dube ni ba.
Ƙyat.
Ƙarar ba ta kai ta ƙwai da ya fashe ba.

Tana da nata aibun, ba na ɓoye mata.
Shirwar da ke kan dutse, ba ta iya jawo ta kusa,
in kana son abu, sai ka taka da ƙafarka
har ka ji warin gumin mutum, har a gaisa.
Magariba na yi take makancewa,
hoto ya fito kamar an watsa masa tsaki.
A Kasuwar Dole batir ya mutu
daidai lokacin da rago ya tsinke igiya.
Wannan ragon a kaina kawai yake.

Ran Laraba, a Zango,
baduku Bura yana huda jar fata da basilla,
harshensa a waje kaɗan, kamar yaro mai koyon rubutu.
Na ɗauka daga ƙugu, ban ce uffan ba.
Na yi taku bakwai
sai aljihuna ya yi nauyi,
nauyin da babbar ba ta taɓa yi ba.
Ita ai da sallama take shiga, ko da tsawa ce.
Wannan ta bayan danga ta bi.

Na dawo. Na durƙusa. Na nuna masa.
Ya daɗe yana kallon tsohon da ke cikin gilashi.
"Ashe haka nake yi da harshe?
Shekara arba'in, ba wanda ya faɗa mini."
Ya yi dariya har basilla ta faɗi.
Sannan ya miƙo hannu: "Kawo. Bashi ne. Zauna can."

Babbar da ba zan ba shi ba, kuɗin gona ce.
Wannan na sa masa a tafi kamar goro.

Ga hoton nan.
Rabin hulata babu.
Babban yatsansa, ja da rini, ya cinye kusurwa guda.
Bango ya karkata kamar zai kwanta.
A tsakiya wani mutum ne, bakinsa a buɗe,
wuyansa ba komai,
hannuwansa biyu a kan gwiwa
ba su san abin da za su riƙe ba.