Rabin Tsayi

Ina kwance a asibitin Garwa,
ƙafa cikin filasta, waya a tafin hannu.
Hasumiyata tana can Marwa, bayan madafa,
gaba goma ta ƙarfe, eriya a ka.

Shekara ashirin ina murza ta da hannu
har kafaɗa ta ce ta gaji.
Bara Hamajoda mai walda ya ɗaura mata inji,
ɗansa ya koya wa wayata ba ta umarni:
kibiya sama, ta miƙe,
kibiya ƙasa, ta durƙusa
kamar raƙumin da ya san muryar mai shi.

Da la'asar Tasalla ta kira:
"Hadari ya haɗo daga Mandara, baƙi ƙirin."
Na danna.
Ta bakin wayarta nake jin igiyar ƙarfe tana naɗewa,
gaɓa tana shigewa cikin gaɓa.

Sai ta ce, "Dakata!
Shamuwa ta yi sheƙa a gindin eriyar.
In ta iso katanga, kyanwar maƙwabta tana jira."

Na ɗage yatsa.
Sama iska, ƙasa kyanwa.
Ni da na sha hira da mutanen bayan teku da tsakar dare,
ban taɓa sanin wa ke kwana a kan ƙarfena ba.

Na bar ta a rabin tsayi.

Da asuba ta sake kira:
"Sanda biyu sun lanƙwashe."
Na yi shiru.
Ta yi dariya: "Tana nan zaune, a jiƙe, tana hararata."