Ƙugun Akori-kura

Tun daga hanyar Mashi take gurnani,
can ƙasa, ta baya,
kamar dattijuwar da ta yunƙura daga tabarma
ta dafe ƙugu.

Abashe na Ƙofar Ƙaura bai taɓa sifana ba tukuna.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ya dangwalo man da ke ɗiga, ya murza a yatsa,
garin ƙarfe na ƙyalli a ciki.
"Haƙoran sun cinye juna," in ji shi.
"Aksil ɗin baya ne. Sai an sauke."

Motar nan ta girme ni da shekara shida.
Buhunan geron da ta kai wa Baba kasuwa,
da za a jera su, da sun kai Maraɗi.

Jak biyu, da kututturen darbejiya don gudun tsautsayi.
Mati ya cire tayoyi, ya kwance firfela.
Noti uku suka bi sifana salin-alin,
na huɗu ya kafe kamar mai bin bashi.
Aka ba shi kananzir, ya sha, ya ƙi.
Aka sa masa wuta har ya yi ja,
sai bayan la'asar ya yi ƙara ya saki.

Mu huɗu muka janyo shi, muna nishi.
A jikin bututun birki, ga wata waya,
ɗauri uku, tsatsa ta cinye rabinta.
Abashe ya tsaya, ya daɗe yana kallo.
"Ni na ɗaura wannan," ya ce,
"ina kamar Mati, mahaifinka na tsaye inda kake.
Na ce masa ta kwana biyu ce, kafin a samo kilif."

Wanda muka sa, a wurin 'yan gwangwan na samo,
na wata 'yar'uwarta da injinta ya mutu a Ɗandagoro.
Ya hau sifirin daram, kamar can ne gidansu.
Aka ɗura mai, aka fitar wa birki iska,
Mati na taka feda, Abashe na cewa, "Riƙe! Saki!"

Da magariba na hau titi.
Shiru.
Na sa giya ta huɗu, na kasa kunne, shiru.
Ashe da wannan gurnanin nake hira in hanya ta yi nisa.

Wayar tana aljihuna.
Ta ɓata mini riga.