Idanun Kaka Drieka

A Leliefontein ruwa ba ya zuwa da tsawa.
Cikin sanyi yake zuwa, sululu,
kamar mai bin bashi da kunya ta kama,
ya jiƙa duwatsun Kamies kwana uku, ya wuce.
Kaka Drieka ta shinshina iska ta ce,
"Ƙirga mini mako shida."
Na ƙirga da tsakuwa a bakin taga.

Shekarar ce yana ta rufe mata ido.
Ran da tsakuwa ta cika, na ɗauko sandarta tun asuba.
Ta ce, "Zauna, uwar gaggawa.
Furen ƙasar nan ba ya sammako,
sai rana ta gasa masa baya.
Bari awaki su fita tukuna."

Da hantsi ya dubi ludayi muka kama hanya.
"Sa rana a ƙeyarki," in ji ta,
"duk ita suke kallo.
In kin tunkare ta, bayansu kawai za ki gani,
ki dawo ki ce bana ba a yi fure ba."
Na juya.
Ashe kwarin da na sani fako, ƙashin awaki da ƙaya,
ya kama da wuta ba hayaƙi.

"Faɗa mini."
Na ce ruwan goro ne, Kaka, har gindin dutse,
tsakiyarsu baƙi kamar an ɗiga kwalli.
"Gousblom. Wannan ko jaki ya san shi. Duba ƙasa."
Na tsuguna. Wani ya kwanta rashe-rashe a yashi,
ruwan ƙwai mai haske, cibiyarsa fara.
Ta yi dariya har sanda ta kuɓuce.
"Pietsnot ke nan, majinar Piet.
Tona saiwar ki ji yauƙi.
Shekarar fari shi muka ci, ni da Sarlien,
ita ba ta kai kaka ba."

Na sa mata wani a tafin hannu ban ce komai ba.
Ta murza ganyen, ya fashe da ruwa.
"Vygie. Yana ƙyalli?"
Na ce kamar an shafa masa mai.
"Shuɗi ko ja?"
Na rasa. Tsakani ne.
"To kin fara gani," ta ce.

A kan tudu itacen kokerboom yana tsaye,
hannuwa sama, kamar wanda aka yi wa fashi.
Na ce babu fure a kansa.
"Kin makara. Tun cikin sanyi ya yi nasa,
rawaya, tsuntsaye suka sha zaƙin.
Shi ba ya shiga turmutsitsi."
Ta dafa ɓawonsa ta daɗe,
kamar mai gaida sa'arta.

Akwai ɗaya da na kasa kwatantawa,
ja da kore, baki buɗe, a tsagin dutse.
Ta tambayi tsayinsa, ta tambayi ƙamshi,
ta ce kalkoentjie, ta ce a'a, ta yi shiru.
"Bar shi. Ba kowa ke son a kira sunansa ba."

La'asar sakaliya suka fara rufewa,
kwarin ya koma toka a idona.
Na ce an tashi kasuwa, mu tafi.
Ba ta motsa ba. Hancinta na rawa.
"Hagunki, taku uku, bayan dutsen nan."
Na je. Fari ne, ɗan mitsitsi,
yanzu yake buɗe ido da kowa ya rufe.
"Aandblom," ta ce, "ɗan magariba."
Ni mai ido biyu na wuce shi da rana
na ɗauka ciyawa ce.

Bayan kwana tara iskar gabas ta taso
ta ƙone komai.
Kaka ta ce in mayar da tsakuwar cikin gwangwani,
kada awaki su watsar.